Aron Bakin Manya: Matashi da Sunan da Yake Son Bari a Ruwan Bagaja da Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ɗaure matashi da igiya biyu. Da ta farko yana ja masa kunne cewa yabon kai jahilci ne. Da ta biyu kuma yana tuna masa cewa suna linzami ne, wato inda sunan mutum ya nufa, can gangar jikinsa za ta bi. Ke nan ana son yaro ya yi suna, amma ba a son a ji bakinsa yana faɗin irin sunan da yake nema. Alhali kuwa da wuya a sami matashin da bai taɓa kwantawa da dare yana saƙa abin da za a faɗa a kansa ran da ya ba da baya ba. Za a ce jarumi ne, ko masani, ko mai haƙuri, ko mai kyauta? Kuma wane ne daga cikin halayensa zai iya ɗaukar nauyin wannan suna?

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wasu samari biyu suka kwance wannan ƙulli a rubuce tun a shekarar 1933. Samarin su ne Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, mawallafin Shaihu Umar. Babu ɗalibin Hausa da bai san littattafan nan ba, sai dai mun saba karanta su a matsayin aikin dattawa, domin hoton marubutan da muke riƙe da shi a zuci na manyan mutane ne masu rawani. Mukan manta cewa a lokacin da suka rubuta su, ɗaya yana da shekara 22, ɗayan kuwa bai wuce 21 ba, wato tsaran ɗalibanmu na aji biyu ko uku. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowannensu ya ari bakin babban mutum ya faɗi halin da yake ganin ya isa a tuna mutum da shi, kuma a duka littattafan biyu abin da mai karatu ya tafi da shi ya sha bamban da abin da tauraron ya nema. A cikin wannan tazara ne darasin yake ga duk mai son rubuta ƙagaggen labari.

2.0 Kirari da Kunya

A al'adance, ƙofa ɗaya aka buɗe wa matashi ta yabon kai, ita ce kirari. Ɗan dambe da ɗan kokawa da mafarauci da ɗan tauri duk an yarje musu su tsaya gaban jama'a su kambama kansu, su kwatanta kansu da wuta ko guba ko namun dawa, ba wanda zai ce sun yi rashin kunya. Amma idan muka lura, wannan izini yana da sharaɗi. Kirari a fage ake yin sa, kuma kafin mai shi ya rufe baki abokin karawa ya riga ya fito. Wato kirari bashi ne da ake biya nan take, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ban da haka, akwai take, wanda makaɗi yake kaɗa wa mutum. Mutum yana iya tsara kirarinsa da bakinsa, amma takensa a hannun wani yake, kuma shi ne yakan rage bayan mai shi ya bar fage.

Da an fita daga fage, kunya ce ke mulki. A cikin nazarin da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma: gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abu biyu ne abin lura a wannan jeri. Na farko, babu wayo a ciki, babu jarumta, alhali su ne abincin kirari. Na biyu, dukan halayen goma irin waɗanda sai wani ya shaide ka da su ne. Wanda ya miƙe ya ce shi mai kunya ne, ai da faɗar ta tafi. Saboda haka matashin da yake son a tuna shi da kirki ba shi da bakin faɗa, sai dai ya lulluɓe maganar.

Wannan lulluɓi yana nan har yau. Wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, inda ta ratsa garin Abaji, ya yi ta karanta rubutun da ke jikin manyan motoci, zai ga yadda direba yake gaya wa duniya ko shi wane ne ta hanyar karin magana ko addu'a ko habaici ga mahassada. Ba kasafai yake fitowa ɓaro-ɓaro ya ce shi ne mai haƙuri ba, sai ya sa a rubuta cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, ya bar mai karatu ya haɗa maganar da mai motar. Aron baki ke nan, kuma shi ne dabarar da samarin 1933 suka shigo da ita cikin rubutun zube.

3.0 Gasar 1933 da Samarinta

A shekarar 1933 ne Rupert East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, wadda da farko ake kira Hukumar Fassara, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga gasar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. An haifi Imam a Kagara a 1911, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin gasar. An haifi Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauci a 1912, kuma a shekarar gasar ne ya kammala Kwalejin Katsina ya koma gida ya kama aikin malanta. Bello Kagara kuwa wan Imam ne, haihuwar 1890, ya haura arba'in ke nan.

Aikin da aka ɗora wa waɗannan mutane yana da wuyar sha'ani a wancan zamani. A idon malamai, alƙalami na addini ne da tarihi da wa'azi, ƙaga labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare. Saurayin da ya ce zai zauna ya rubuta abin da bai faru ba, sai ya nemi inuwar da zai fake. Imam da Tafawa Ɓalewa duk sun zaɓi inuwa iri ɗaya. Kowannensu ya buɗe littafinsa da babban mutum wanda ya riga ya gama gwagwarmayarsa, ya zauna, masu sauraro sun kewaye shi, yana ba da labarin rayuwarsa da bakinsa tun daga haihuwa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ne, attajiri a Kwantagora, yake ba Koje Sarkin Labari da jama'a tarihinsa. A Shaihu Umar, wani shaihin malami ne a Rauta almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Da wannan zubi, saurayi ya sami damar tsallake shekaru talatin ko arba'in, ya tsaya a ƙarshen rayuwa, ya waiwayo ya auna ta.

Daɗin daɗawa, kowane marubuci ya bar sawunsa a jikin tauraronsa. Alhaji Imam yana ɗauke da sunan mawallafinsa, kuma mazauninsa Kwantagora ne, yankin da aka haifi Imam. Shaihu Umar malami ne mai almajirai, kuma a ƙasar Bauci ya yada zango, ƙasar sabon malamin da ya rubuta shi. Ba mu ce tauraro shi ne marubuci ba, kada mu ari bakinsu mu ci musu albasa. Iyakar abin da muke cewa shi ne, zaɓin halin da za a ɗora a kan tauraro zaɓi ne na marubuci, kuma yana nuna abin da yake gani da daraja a lokacin da ya riƙe alƙalami.

4.0 Alhaji Imam: Wayo a Gaba, Naci a Ɓoye

Dalilin fitar Alhaji Imam daga gida dalili ne na mutumin kirki. Ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman, wanda ya riƙe Alhaji kamar ɗansa, ya ce a fada da za a sami Ruwan Bagaja da yaron ya warke, aka mai da shi abin dariya. Alhaji ya ɗauki alkawarin nemo ruwan domin ya fitar da uban riƙonsa kunya. Da a ce littafin ya bi wannan hanya sak, da mun sami labarin ɗa na gari, mai amana da ladabi, irin wanda zai shiga jerin Kirk-Greene ba gardama.

Amma da Alhaji ya bar gida, sai wani mutum daban ya bayyana. Yawancin littafin damfara ce da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, daga wannan gari zuwa wancan. Mu ɗauki misali ɗaya da kowa ya sani. Alhaji ya sauka a wani gari na jahilai ya mai da kansa malami alhali ba shi da karatu. Zurƙe, wanda ya fi shi sani, ya zo zai tona masa asiri. Sai Alhaji ya yi wani lanƙwasasshen zane a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta laluben haruffan Larabci, Alhaji ya ce ai siffar jinjirin wata ce, jama'a kuwa suka ga lalle haka ne, suka kori masani suka riƙe jahili. Abin lura shi ne, Alhaji yana ba da wannan labari ne a gidansa na Kwantagora, cikin daula, ba tare da wata nadama ba. Yana son masu sauraro su yi dariya, su kuma sara wa kaifin basirarsa. Kirari ke nan a cikin rigar labari.

Imam bai ƙagi irin wannan tauraro daga iska ba. A adabin baka akwai Gizo, a adabin Larabci kuma akwai Abu Zaidi na Muƙamar Hariri, wanda malamin Basra, Alhariri (ya rasu a 1122), ya tsara, littafin da almajiran ilimi na ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa domin lugga. Abu Zaidi ma da zaƙin baki yake cin abinci. Gudummawar Imam ita ce ya riƙe sharaɗin fage da muka ambata. Bai bar tauraronsa ya yi kirari shi kaɗai ba, ya ajiye masa Zurƙe. Duk sa'ad da Alhaji ya ci nasara, a gari na gaba sai ya biya bashi, a kama shi, ko a doke shi, ko a kunyata shi. Saboda haka mai karatu ba ya gajiya da fankamarsa, domin ya san ramuwa tana tafe. Da babu Zurƙe, da Alhaji ya zama maƙaryacin zaure wanda ake saurara don ladabi.

To, sai mu yi tambaya: wayon ne ya kawo ruwan? Idan muka bi labarin a tsanake za mu ga cewa wayo ya ciyar da Alhaji a hanya, ya kuma jefa shi cikin rabin wahalar da ya sha, amma ruwan kansa da taimakon aljannu aka same shi. Abin da ya kai Alhaji inda taimakon yake shi ne naci. Shekara da shekaru yana yawo, ya samu ya rasa, ya yi aure a hanya, ya ga wuraren da zai iya zama ya manta da Liman, amma bai manta ba. Wannan shi ne ƙarfinsa na haƙiƙa, kuma shi ne wanda bai tsaya yi masa kirari ba. A ɓangaren masu karatu kuwa, idan aka ambaci littafin, Zurƙe da jinjirin wata ne suke fara faɗowa a rai, ciwon ɗan sarki da kunyar Liman sai an yi tunani. Alhaji ya fita neman sunan ɗa mai fitar da uba kunya, ya dawo da sunan gwanin dabara, halin da ya haɗa tafiyar tun daga farko har ƙarshe kuma ya shige ba a lura da shi ba.

5.0 Shaihu Umar: Haƙurin Ɗa da Tafiyar Uwa

Tafawa Ɓalewa ya bi ta wata hanya dabam. Inda Imam ya ba mu jahili mai shigar malamai, shi ya ba mu malami na gaske, wanda mutane suke zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu a wurinsa. Tun shafin farko an gama yi masa shaida: ilimi, natsuwa, tsoron Allah. Sauran littafin bayani ne na yadda aka yi ya zama haka. Umar maraya ne daga wani gari mai suna Kagara. Mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden da 'yan'uwansa fadawa suka yi wa ƙulli bayan wani harin bayi har aka kore shi daga gari. A cikin wannan rikici aka sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun masu harin bayi, aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Jigon bauta ba tsohon labari ba ne a 1933. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi ta kuma 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga wannan shekara, amma sai a 1936 aka soke bautar kanta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya. Wato lokacin da saurayin nan yake rubutu, akwai mutane da rai a Bauci da Kano da Zariya waɗanda aka kama da hannu aka sayar. Ya zaɓi ya nuna cewa wanda aka saya da kuɗi yana iya zama fitilar gari, kuma abin da ya ɗaga shi ilimi ne da haƙuri, ba gado ba. Ga ɗan shekara 21 wanda makaranta ce ta ɗaga shi, wannan magana ce mai nauyi.

Sai dai a nan ne tarkenmu yake. Haƙuri hali ne da ake gane shi idan mutum yana da ikon yin wani abu ya danne. Umar kuwa a yawancin labarin yaro ne da ake ɗauka a ajiye. An sace shi, an tsince shi, an sayar da shi, an koyar da shi, guguwar hamada ta hallaka ayarinsu ta bar shi. Kusan kowane babban al'amari a rayuwarsa wani ne ya aikata shi a kansa. Ba shi da Zurƙen da zai gwada shi, ba mu kuma ga ranar da zuciya ta ɗebe shi ya yi kokawa da ita ba. Har bautar da ta raba shi da uwarsa, yana ba da labarinta da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Mun yarda da shaidar da aka yi masa, amma ba mu ga inda aka biya kuɗinta ba.

Wadda ta biya ita ce mahaifiyarsa. Ita ce ta yi zaɓi. Tana da 'yanci da miji da dangi, ta bar su ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka ƙetare hamada da ita, ta sha azaba a hannun iyayen gijinta, duk ba ta fasa ba. Da Allah ya haɗa su a can ƙasashen Larabawa, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. Wannan ganawa ce take tsaya wa mai karatu a maƙogwaro. Littafin sunan Shaihu yake ɗauke da shi, shi ne kuma mai magana daga farko har ƙarshe, amma idan aka rufe shi, uwar ake tunawa. Shaihu ya nemi a tuna shi da haƙuri, sai ga shi labarin da ya bayar da bakinsa ya nuna wadda ta fi shi. Muna ganin wannan shi ne babban abin yabo a littafin, ko marubucin ya nufa ko bai nufa ba, domin ya bar gaskiyar labari ta rinjayi shaidar da ya shirya wa tauraronsa.

Ya kamata mu ƙara da cewa a littattafan 1933 ba a ba mace bakin faɗin yadda take son a tuna ta ba, sai dai a ba da labarinta. An daɗe kafin wannan ya sauya. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole ita ce da kanta ta ƙi sunan da aka laƙaba mata, ta koma neman ilimi har ta sauya shi. A nan burin da Shaihu Umar ya samu a sadaka, ita da ƙarfinta ta ƙwato shi.

6.0 Ganɗoki, da Abin da Zamani ya Yi da Marubutan

Ganɗoki yana taimaka mana a matsayin ma'auni, domin shi dattijo ne ya rubuta shi. Tauraronsa mayaƙi ne da ya yi zamani da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, ya ga zuwan Turawa, ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka yi gumurzun 1903, daga nan ya shiga duniyar aljannu yana ta cin yaƙi. Littafin cike yake da kirari, kuma Hausarsa tana da armashi ƙwarai. Amma daga lokacin da labarin ya bar tarihi, babu sauran abokin karawar da mai karatu yake jin zai iya kayar da Ganɗoki. Kirarin ya zama bashin da ba mai bin sa. Shi ya sa muke tuna amon maganarsa fiye da yadda muke tuna shi a matsayin mutum. Abin sha'awa ne a ce mai shekara arba'in da ɗoriya ne ya saki linzamin yabon kai, samarin kuwa suka riƙe nasu, ɗaya da dariya, ɗaya da kunya.

Su kansu marubutan, me zamani ya riƙe game da su? Imam ya ci gaba a kan hanyar da ya ɗauko. A Magana Jari Ce, mai juzu'i uku, wanda ya rubuta a 1936, tauraron aku ne, tsuntsun da ba shi da ƙarfi ko dukiya sai baki, kuma da bakin ya tsare ɗan sarki daga halaka har ya zama waziri. Wayon Alhaji, mai cutar na kusa da na nesa, ya nuna ya zama hikima mai tsare amana. A 1939 Imam ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma har ya rasu a 1981, har yau ɗin nan, da gwanintar harshe ake tuna shi. Shi takensa ya zo daidai da kirarinsa.

Na Tafawa Ɓalewa ya fi sarƙaƙiya. Wanda ya rubuta Umar mai karɓar duk abin da ya zo, shi ne ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da faɗin haka yake bukatar ƙarfin zuciya. Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin Nijeriya a 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Yau hotonsa yana kan takardar naira biyar, jami'ar tarayya da ke Bauci tana ɗauke da sunansa, kabarinsa a Bauci wurin ziyara ne. Littafinsa ma ya yi tafiya: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Duk da haka, idan talakan Arewa ya ambace shi, abin da yakan fara faɗa shi ne natsuwarsa da sauƙin kansa da rashin tara abin duniya, wato halayen malamin Rauta. Muƙamin da ya riƙe bai shiga mafarkin saurayin 1933 ba, ƙarshen da ya yi kuma ba shi ya zaɓa ba, amma halin da ya ɗora a kan tauraronsa shi jama'a suka mayar masa.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda al'ada ta hana matashi yabon kansa sai a fage, da yadda Imam da Tafawa Ɓalewa suka ari bakin manya suka faɗi abin da suke gani da daraja. Mun kuma ga cewa a Ruwan Bagaja ƙarfin tauraro na gaske shi ne wanda bai yi wa kirari ba, a Shaihu Umar kuwa halin da aka shaidi tauraro da shi a jikin wata ya fi bayyana.

Wannan ya shafi masu rubutu a wannan mujalla kai tsaye. Labarin farko da matashi yakan rubuta, ko ya sani ko bai sani ba, wasiyya ce game da kansa. Shi ya sa muke yawan cin karo da tauraro kyakkyawa, haziƙi, mai addini, wanda ya zo na ɗaya a aji, kowa yana son sa in ban da mahassada, su ma a babin ƙarshe za su zo neman gafara. Burin da ke bayan irin wannan rubutu ba abin kunya ba ne, shi ne dai burin samarin 1933. Inda aka rabu shi ne, su sun yarda labari ya yi gardama da tauraronsu. Mai rubutu ya tambayi kansa: ina Zurƙen tauraron nan, wanda zai iya kayar da shi a gaban jama'a? A wane shafi ne halin da nake yabo ya jawo masa hasarar da zai ji a jikinsa? Wane ne a cikin labarin ya fi shi wannan hali, kuma na bar shi ya fito? Idan babu amsa, to, shaida aka rubuta, ba a kai ga labari ba tukuna.

Haka abin yake ga ɗalibanmu da suka taso a Abaji da Kwali da Gwagwalada da sauran sassan Birnin Tarayya, waɗanda da yawansu Gbagyi ko Ganagana ko Igbira ko Bassa ne harshen gidansu, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta suka same ta. Suna da labaran da adabin Hausa bai taɓa ji ba, na ƙauyukan da birni ya cim musu tun daga 1976, da na iyayen da suka ga gonakinsu sun zama unguwanni. Idan za su rubuta, su sa tauraronsu a fage, su ajiye masa abokin karawa, su bar shi ya faɗi ya tashi. Sunan da za a tuna shi da shi, da wanda za a tuna su da shi, masu karatu ne za su kaɗa, kamar yadda suka kaɗa wa Imam da Tafawa Ɓalewa.